Wa ya yafe wa Raskolnikof? Muhawararmu kan ƙarshen Laifi da Hukunci

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda yau ce ranar da muka tsayar don ƙarshen Laifi da Hukunci, littafin marubucin Rasha Dostoyevski, bari in fara, don abin yana cina a rai. Ni ƙarshen nan bai kwanta mini ba. Raskolnikof, wanda ake kira Rodiya, ya ɗauki gatari ya rotsa kan tsohuwa mai karɓar jingina, ƙanwarta Lizabeta ta shigo bisa tsautsayi, ita ma ya raba mata kai. Aka yanke masa shekara 8 a Saibiriya. Marubucin da kansa ya gaya mana cewa ko a kurkukun bai yi nadama ba, abin da kawai yake gani laifinsa shi ne ya kasa daurewa har ya kai kansa wurin 'yan sanda. Sai ga shi a shafukan ƙarshe, wata safiya a bakin kogi, ya zube a ƙafafun Sonya, yarinyar da ta bi shi can, yana kuka, aka ce mana ƙauna ta tashe su. Ina tubar? Wa ya roƙa gafara? Wa kuma ya yafe masa?

Auta:
Wa alaikumus salam Anti. Wallahi ni ma na tsaya ina juya shafi, na ɗauka akwai saura.

Ɗan Birni:
Yaya Maman Ilham, ban yarda ba ne cewa abin ya faɗo daga sama. Tun farkon littafin mutum biyu ne a jikin Rodiya. Kafin ya yi kisan ya yi mafarkin ana dukan wata goɗiya har ta mutu, shi yana yaro yana rungume kanta yana kuka. Ranar da keken doki ya take mahaifin Sonya, shi ya sa aka kai shi gida, ya zaro kuɗin da uwarsa ta aiko masa da ƙyar ya miƙa wa matar mamacin. Wannan mutumin bai mutu ba, danne shi aka yi. Kuma ko a Saibiriyar akwai matakai. Ya kwanta asibitin kurkuku, wata yamma ya leƙa ta taga ya hangi Sonya tsaye can bakin ƙofa kamar mai jiran wani abu, ya ji abu ya soki zuciyarsa, ya ja da baya. Washegari ba ta zo ba, jibi ma haka, ya kama kansa yana jiranta cikin damuwa. Da ya ji ba ta da lafiya sai ya aika a tambayo. Mutumin da a da in ta miƙo hannu yake karɓa da ƙyashi. To ashe faɗuwar nan a bakin kogi tana da tushe.

Maman Ilham:
Ƙanena, duk abin da ka lissafa yana nuna ya fara son Sonya ne. Ban musa ba. Amma son mace daban, nadamar zubar da jini daban. Azzalumai da yawa suna son matansu.

Barista:
Bari in sa baki ta fuskar shari'a, don wasu a nan sun ce shekara 8 ta yi kaɗan ga rai biyu. Littafin ya kawo dalilan sassaucin. Shi ya kai kansa, a lokacin da babu wata hujja a hannun hukuma, kuma ga wani mai fenti, Nikolai, ya riga ya ɗauki laifin a kansa. Bai taɓa ko kwabo daga abin da ya sata ba, ya tura su ƙarƙashin dutse a wani fili, bai ma buɗe jakar ba, sai a kotu aka ƙirga aka samu rubul 317 na kuɗin Rasha da 'yan canji. Sannan shaidu suka zo: abokinsa Razumihin ya tono yadda ya ɗauki nauyin wani ɗalibi mai tarin fuka har ya rasu, ya ci gaba da kula da tsohon mahaifinsa, matar da yake haya a gidanta ta ce ya taɓa fito da yara biyu daga gobara har ya ƙone. Porfiri mai binciken ma ya cika alƙawarinsa, ya bar abin ya zama kamar Rodiya ne ya zo don kansa. Amma ku lura da wani abu: duk shari'ar nan a 'yan shafuka aka ba da ita, cikin sauri, kamar rahoto. Marubucin bai ɗauke ta a matsayin hukuncin gaskiya ba. Kotu ta gama nata, magana ba ta ƙare ba.

Malam na Tudu:
Salamu alaikum. Na bi maganganunku tun ɗazu. 'Yata Maman Ilham, tambayarki tana da nauyi, kuma bai kamata a share ta da labarin soyayya ba. Amma ina so ki tuna hadisin nan da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri, na mutumin da ya kashe rai 99. Ya tambayi wani mai bauta ko yana da tuba, ya ce masa babu, ya cike na 100 da shi. Sai ya sami malami, ya ce masa wa zai shiga tsakaninka da tuba, amma ka bar ƙasar nan taka, ka tafi ƙasa kaza inda akwai mutanen kirki. Ya kama hanya, mutuwa ta riske shi bai isa ba. Mala'ikun rahama da na azaba suka yi jayayya a kansa, aka ce a auna tazarar, aka same shi ya fi kusa da inda ya nufa. Bai yi aikin alheri ko ɗaya ba tukuna. Abin da yake da shi kawai shi ne ya juya, ya fuskanci wani wuri. Ni a karatuna, iyakar abin da Dostoyevski ya nuna mana ke nan. Bai ce Raskolnikof ya isa ba. A layukan ƙarshe ma ya faɗa ƙarara cewa sabuwar rayuwar ba kyauta za a ba shi ba, sai ya biya ta da tsada, kuma labarin sabuntuwarsa wani labari ne dabam da ba a fara ba.

Maman Ilham:
Allah ya gafarta Malam, na ji. Sai dai mutumin hadisin shi ya fita da ƙafarsa yana tambayar ko yana da tuba. Ya san abin da ya yi ɓarna ce. Rodiya fa? Ko ranar da Sonya ta ce ya je mararraba ya sumbaci ƙasa ya faɗa wa duniya cewa shi ya yi kisa, ya je kasuwar ya durƙusa, amma da mutane suka fara cewa ya bugu ne, sai kalmar ta maƙale masa. Ya shiga ofishin 'yan sanda, ya ji labarin Sibidirigailof, mutumin da ke bibiyar ƙanwarsa Dunya, ya harbe kansa, ya juyo ya fito ba tare da ya faɗi komai ba. Ganin Sonya tsaye a tsakar gidan ne ya sa ya koma. Kullum tura shi ake yi.

Malam na Tudu:
Haka ne 'yata. Amma ya koma ɗin. Ana tura mutane da yawa ba sa tafiya.

Rifkatu:
Sannunku. Ni a matsayina na Kirista akwai abin da nake gani da zai iya taimakawa, don littafin a kan wani nassi aka gina shi. Abin da Sonya ta karanta masa a ɗakinta da dare shi ne tashin Li'azaru, Yohanna sura 11. Li'azaru ya kwana 4 a kabari, 'yar'uwarsa ma ta ce ai ya riga ya fara wari. A labarin nan mamacin bai yi komai ba. Bai roƙa ba, bai cancanta ba, ba shi da ikon motsi. Daga waje aka kira shi ya fito. Abin da Anti take kira turawa, shi ne ainihin abin da marubucin yake son faɗa: mutumin da girman kai ya kashe ba ya iya ta da kansa, sai wani ya tsaya a bakin kabarin bai tafi ba. Ba banza ba ne ya sa rashin lafiyar Rodiya ta faɗo ƙarshen azuminmu da makon Ista.

Kuma a duba abin da ya faru da daren ranar. Ya zaro Sabon Alkawari daga ƙarƙashin matashinsa, wanda shi da kansa ya roƙi Sonya ta kawo masa, amma bai buɗe ba. Tunani kawai ya yi, ko abin da ta gaskata zai iya zama nasa yanzu. Tambaya ce, ba shaida ba. Da Dostoyevski yana son ƙarshe mai arha, da ya sa shi ya buɗe ya karanta yana hawaye.

Binta 'yar Maraɗi:
Ni da Faransanci na karanta shi tun muna makaranta, kuma abin da ya dame ni ba na Maman Ilham ba ne. Sonya ce damuwata. Yarinya 'yar shekara 18, ubanta mashayi, matar uba mai tarin fuka da yara 3 ba abinci, aka matsa mata har ta fita ta sayar da kanta. Ku tuna daren farko: ta dawo ta ajiye rubul 30 a kan tebur ba ta ce uffan ba, ta ja koren mayafin gidan ta rufe kanta da fuskarta, ta kwanta ta juya wa bango, kafaɗunta suna rawa. Wannan yarinyar ce kuma ta tattara ta bi mai kisa har Saibiriya, tana ɗinki tana ciyar da kanta, tana zuwa ganinsa yana mata wulaƙanci, wata da watanni. Kuma da koren mayafi ta zo bakin kogin. Yaya mata, ba mu san wannan labarin ba? Sau nawa aka ce wa mace ki yi haƙuri, ke ce za ki gyara shi? Ina jin tsoron a ba yarinya littafin nan ta fito da darasin cewa aikinta ne ta ƙone don namiji ya ga hanya.

Auta:
Anti Binta ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi.

Ɗan Birni:
Tsoron naki yana kan hanya, Yaya Binta, amma Sonya ba irin matar da ke rufa wa miji asiri ba ce. Ranar da ya gaya mata shi ya yi kisan, ta rungume shi, ta ce ba wanda ya kai shi zama abin tausayi a duniya. Amma a zaman nan dai, da ya fara kawo mata hujjojinsa na cewa manya irin Napoliyon sun fi ƙarfin doka, da cewa tsohuwar ƙwarƙwata ce kawai, ba ta karɓi ko ɗaya ba. Ita ce ta ce ya tashi yanzu ya je ya tona kansa. Ta ce za ta bi shi, amma kurkuku za ta bi shi, ba gudun hijira ba. Mace mai haƙurin da ake yi mana wa'azinta takan yi shiru ne a ci gaba da ɓarna. Wannan ita ta aika shi gidan yari.

Binta 'yar Maraɗi:
Na yarda ba ta rufa masa ba. Amma har yanzu ita ta biya kuɗin da ba ita ta ci ba. Kuma ka lura, a babin ƙarshen ba a shiga zuciyarta sosai ba. Muna jin abin da take rubuta wa Dunya da Razumihin duk wata, kuma an ce wasiƙun nata ba ta sa komai game da ranta a ciki, sai halin da yake ciki shi. Ko a nan ma ta ɓace a bayansa.

Barista:
Aikina yana kai ni gidan yari, kuma abin da Binta ta faɗa ina ganinsa da idona. Ranar ziyara ka dubi layin: tsofaffin mata da kular abinci, matan aure da goyo, an ɗanɗana tuwon a gaban ma'aikaci kafin a shigar. Maza ƙalilan ne. Wata tsohuwa takan zo da sabulu da ƙuli-ƙuli a ƙulle a bakin zane, ɗan nata ya fito ya karɓa ko kallonta ba ya yi, don kunya ta koma masa fushi. Da na karanta yadda Rodiya yake yi wa Sonya, fuskar yaron nan na gani. Dostoyevski bai ƙirƙiro wannan ba, ya san shi.

Ɗan Birni:
Ya san shi kam. An kama shi a 1849 tare da 'yan ƙungiyar Petrashevski masu sukar mulkin sarkin Rasha, a Disambar shekarar aka fito da su fili a birnin Fitasbag za a harbe, sai a daƙiƙar ƙarshe aka karanto sassauci daga sarki. Ya yi shekara 4 da mari a ƙafa a kurkukun Omsk, bakin kogin Irtish, daga 1850 zuwa 1854. A hanyar zuwa, a Tobolsk, matan wasu fursunonin siyasa da suka bi mazajensu Saibiriya tun bayan boren 1825 suka ba shi Sabon Alkawari, kuma yana tare da shi har ya rasu a 1881. Wato mace mai bin ɗaurarre zuwa Saibiriya da littafi a ƙarƙashin matashi duka abubuwa ne da suka ratsa rayuwarsa kafin ya rubuta wannan a 1866. Har ƙiyayyar da sauran fursunoni suke yi wa Rodiya, suna ce masa kai ɗan manya ne, me ya haɗa ka da gatari, shi ma ya sha irinta.

Maman Ilham:
Duk na ji, kuma ban raina ba. Amma ku dubi yadda muka yi ta magana, Rodiya, Sonya, Dostoyevski, ba wanda ya sake ambatar Lizabeta. Haka littafin ma ya yi mata. Mace mai shekara 35, doguwa, mai tsoro, yayarta tana dukanta tana mora, an ce ma kusan kullum da ciki take. Ta taɓa gyara wa Rodiya riga. Da ya nufo ta da gatari ko ihu ba ta yi ba, ko hannu ba ta ɗaga ta kare fuskarta ba, ta ɗan miƙo shi ne kawai kamar yaro. Shi da kansa a tsakiyar littafin ya yi mamakin yadda ba ya tuna ta, kamar bai kashe ta ba. Da ya zo bayyana wa Sonya ma cewa ya yi kansa ya kashe, ba tsohuwar ba. Ko a nan kansa yake wa kuka. A bakin kogin nan ba a kira sunanta ba. Ni wannan ne ya hana ni sakin jiki da daɗin ƙarshen.

Malam na Tudu:
To yanzu kin kai mu gindin maganar. Malamai, cikinsu har da Ibnul Ƙayyim, sun ce kisan ganganci haƙƙi uku ne a kansa. Akwai haƙƙin Allah, wannan tuba ta gaskiya tana kankare shi. Akwai haƙƙin magada, wannan yana faɗuwa da ƙisasi ko diyya ko afuwarsu. Sannan akwai haƙƙin wanda aka kashe, shi kuwa ba mai iya yafe shi a duniya, sai ranar da za a tsaya. Marubucin nan ba Musulmi ba ne, ba kuma da ma'auninmu ya yi rubutu ba, amma ina ganin ya san akwai bashin da Sonya ba ta da ikon yafewa. Shi ya sa ba za ki sami wurin da ta ce masa na yafe maka ba a bakin kogin. Ba su ma yi magana ba. Abin da ta ba shi shi ne ba ta tafi ba. Gafara kuwa ba a hannunta take ba, kuma littafin bai yi ƙaryar cewa an ba shi ita ba.

Rifkatu:
Baba Malam ya faɗi gaskiya, sai dai zan ƙara wa Anti wani abu. Lizabeta tana wurin, ko da ba a kira ta ba. Littafin da ke ƙarƙashin matashinsa daga hannunta ya fito, ita ta kawo wa Sonya shi, tare suke karantawa. Gicciyen tagulla da ke wuyan Sonya na Lizabeta ne, musaya suka yi, shi kuma ta ba shi nata na itace. Sonya ce ta je coci ta sa aka yi mata addu'ar mamata. Kuma a lokacin da yake gaya mata, da ta gane, ta ja da baya ta miƙo hannu a tsorace, sai ya ga fuskar Lizabeta a fuskarta. Marubucin ya faɗi haka a fili. Matar nan ba ta da kowa a duniya da ya yi kukan mutuwarta in ba Sonya ba. To idan ya zube a ƙafafun Sonya, a gaban mutum ɗaya tilo da ta rage wa Lizabeta ya zube.

Maman Ilham:
Wannan ya taɓa ni, Rifkatu. Amma mu ne muka haɗa wannan lissafin, mu masu karatu. Shi Rodiya ba a nuna mana ya haɗa ba.

Rifkatu:
Ba a nuna ba. Saura shekara 7 a gabansa da littafinta a hannunsa.

Auta:
Ni mafarkin annobar nan ne ban gane ba. Me ya kawo shi ana dab da rufewa?

Ɗan Birni:
Auta, a ganina shi ne amsar da ta fi kusa da abin da Yaya take nema. Yana kwance a asibiti ya yi mafarkin wata cuta ta taso daga can cikin Asiya ta mamaye duniya. Duk wanda ta kama sai ya ji shi kaɗai ne mai gaskiya, ba wanda ya kai shi hankali. Mutane suka kasa yarda a kan mene ne alheri mene ne sharri, wa za a hukunta wa za a wanke. Runduna ta fita yaƙi ta juya tana cin kanta, aka bar noma da sana'a, gari ya ƙone. Wannan ra'ayinsa ne na cewa akwai zaɓaɓɓun da doka ba ta hau kansu ba, aka raba wa kowa da kowa ya ga abin da zai haifar. Porfiri ya yi masa gardama bai rusa ra'ayin ba, Razumihin ya yi, Dunya ta yi. Mutum ne da ba a kayar da shi da baki. Sai da ya ga abin da idonsa cikin zazzaɓi, kuma an ce mafarkin ya daɗe yana damunsa bayan ya warke. Daga nan ne taga, daga nan ne kogi. Ba a rubuta cewa ya ce na yi laifi ba, amma abin da yake tsaye a kai ya riga ya rushe.

Binta 'yar Maraɗi:
Kuma a nan ne nake ganin amfanin Sibidirigailof a littafin. Shi ma ya yi alheri a ƙarshe, ya sama wa marayun Katerina, matar uban Sonya, wurin zama da kuɗinsu, ya ba Sonya rubul 3,000, da su ma ta iya bin Rodiya. Amma da Dunya ta ce masa ba za ta taɓa son sa ba, ya ba ta makulli ta fita, ya kwana ya harbe kansa. Mutum biyu masu jini a hannu, ɗaya ya sami mai tsaya masa, ɗaya bai samu ba. Abin da nake ƙi shi ne a ce Dunya ta yi laifi da ta tafi. Ba ta yi ba. Ta tsira da mutuncinta ne, kuma marubucin bai zarge ta ba, ya aurar da ita ga mutumin kirki. Duk mai ba 'yarsa labarin Sonya, ya haɗa mata da na Dunya.

Barista:
Akwai kuma wadda muka tsallake, mahaifiyarsa. Ba wanda ya gaya mata gaskiya, ta yi ta tare mutane a hanya tana ba su labarin ɗanta da ya ceci yara daga wuta, ta gyara ɗaki tana jiran dawowarsa, zazzaɓi ya kama ta, cikin mako 2 ta rasu. A cikin magagin ciwon ne aka gane ta san fiye da yadda ake zato. Gatarin nan ba mutum biyu kaɗai ya sara ba.

Maman Ilham:
To ni ga inda na tsaya. Na karɓi maganar Malam cewa ba a ce an yafe masa ba, kuma hakan ya sa na fi ganin girman littafin. Na karɓi ta Rifkatu cewa Lizabeta tana cikin ɗakin. Abin da ban karɓa ba shi ne murnar da ke cikin shafukan nan, inda aka ce shekara 7 ta zame musu kamar kwana 7. Murnar ta zo da wuri. Da ni ce, da na so ko sau ɗaya, ko a zuciyarsa, ya kira sunan matar da ta gyara masa riga kafin a bar shi ya yi farin ciki.

Malam na Tudu:
Marubucin ma ya biyo bayan wannan jimlar da cewa Rodiya bai san abin da ke jiransa ba. Murnar tasu ce, ba tasa ba. Amma buƙatarki halal ce 'yata, ban da abin da zan ce a kanta.

Auta:
Ina da roƙo. Kafin mu ɗauki wani littafin, a ware mana zama ɗaya a kan Nikolai mai fenti. Mutumin da bai kashe kowa ba ya je ya ce shi ne, wanda ya kashe kuma yana yawo a gari. Ni har yanzu ban fahimci abin da ya kai shi ba.

Ɗan Birni:
Porfiri ya yi bayaninsa a zuwansa na ƙarshe ɗakin Rodiya, kashi na 6 babi na 2. Kowa ya sake karanta wurin kafin Asabar, Rifkatu kuma ki shirya, don maganar ɗaukar wahala da gangan sai kin fayyace mana ita.